Idan juji ya cika: a binne, a yi taki, ko a ƙona a samu wuta?

Da zarar jujin gari ya fara cika, sai takardun 'yan kwangila su fara sauka a teburin shugaban hukumar shara. Wannan ya ce zai kafa masana'antar da za ta cinye sharar ta ba da lantarki, wancan ya ce taki zai yi, wani kuma fili kawai yake nema a bayan gari. Kowannensu akwai garin da maganarsa za ta yi daidai, amma ba kowane gari ba. Abin da ke raba gardama shi ne a san me ke cikin sharar, tan nawa ce a rana, kuma wa zai riƙa biyan kuɗin kowane tan. Hukumar da ta sa hannu a kwangila ba ta san waɗannan ba, kifi ta saya a ruwa.

A fara da awo

Ƙirga tifa ba awo ba ne. Tifar da ta cika da leda da kwali da wadda ta kwaso yashin lambatu duk tifa ɗaya ce a littafin mai gadi, alhali nauyinsu na iya bambanta ninki uku. Don haka abu na farko da za a saya shi ne sikelin auna mota a ƙofar juji, a riƙa auna kowace mota da kaya da kuma bayan ta juye.

Sai a duba cikin sharar. Ana ɗibar kilo 100 zuwa 130 daga mota, daga unguwanni daban-daban da kasuwanni, a baje a kan tamfol, a ware ragowar abinci da ganye, leda da roba, kwali da takarda, tsumma, ƙarfe, kwalba. Abin da ya rage a tankaɗe shi da rariya mai ido milimita 10. Abin da ya zuba ƙasa yashi ne da toka da ƙura. Kowane kashi a auna shi, sannan a busar da samfurinsa a zafin digiri 105 na kwana guda a sake aunawa, bambancin shi ne ruwan da ke ciki. Wannan aiki sau biyu ake yin sa, mako guda a watan Agusta, mako guda a watan Maris, domin sharar damina da ta rani kamar ba daga gari ɗaya suka fito ba. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, inda tsakar gida da lunguna da yawa ƙasa ce kuma ana girki da itace da gawayi, abin da ke bin rariya yakan ba mutum mamaki.

Bankin Duniya, a rahotonsa na 2018, ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a ƙasashen kudu da Sahara yana fitar da kilo 0.46 na shara a rana. Mu ɗauki rabin kilo don sauƙin lissafi. Gari mai mutum miliyan 1 zai fitar da tan 500 a rana. Idan ana iya kwashe kashi 60 cikin 100, tan 300 ke isa juji, kusan tan 110,000 a shekara. Da wannan gari na misali za mu gwada kowace hanya.

Binnewa: abin da ba a iya guje masa

Kowace hanya aka zaɓa, sai an bar wani abu da za a binne. Tambayar kawai ita ce yaya za a binne shi, kuma shekara nawa filin zai kai.

Sharar da aka juye aka bari haka nan, mita kubik ɗaya ba ya wuce kilo 400. Idan aka baje ta siriri, kaurin kamar rabin mita, katafila mai nauyi ta bi ta kai sau huɗu ko biyar, mita kubik ɗin zai ɗauki kilo 800 zuwa 1,000. A fili mai hekta 10 da za a tara shara zuwa mita 15, akwai wurin mita kubik miliyan 1.5. Garinmu na misali zai cika shi a shekara 5 da rabi idan ba a dannewa. Idan ana dannewa, har da jar ƙasar da ake rufewa da ita kullum, zai kai kusan shekara 11. Idan kuma aka janye kashi 40 na sharar kafin ta iso, zai kai shekara 18. Ke nan katafila ɗaya da man da za ta sha da direban da ya san aiki sun ninka rayuwar juji, ba tare da an sayi ko taku ɗaya na sabon fili ba. A ganinmu babu wani kuɗi a harkar shara da ke dawo da riba kamar wannan, amma da yake ba a yanka masa kintinkiri, ba kasafai yake shiga kasafi ba.

Ramin binnewa na zamani yana da shimfiɗa: yumɓu da aka danne mai kaurin santimita 60 zuwa mita 1, a kansa baƙar roba mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 da ake liƙe gaɓoɓinta da zafi, sannan tsakuwa da bututu masu huji da ke janye baƙin ruwan da ke tsatsowa daga shara zuwa tafki. Kullum da yamma a rufe sharar ranar da ƙasa santimita 15, saboda ƙuda da wari da gobara. Gangaren tudun kada ya fi taku ɗaya sama a kowane taku uku gaba. Wannan ƙa'ida ta gangare da jini aka rubuta ta: a watan Maris na 2017 tudun jujin Koshe a Addis Ababa ya zame ya kashe sama da mutum 110, a watan Agustan 2024 kuma na Kiteezi a Kampala ya binne fiye da 30. Ruwa ne ke taruwa a cikin tudu mai tsayi da ba shi da magudana, sai ya sulɓe.

A yankin da ruwan sama ke zuba cikin wata huɗu kacal, tafkin baƙin ruwa da girman Agusta ake auna shi. Sauran watannin rana ce za ta shanye shi kyauta, wanda gata ne da Legas ba ta da shi. Inda matsala take shi ne tsofaffin kududdufai na cikin gari da aka mayar juji. Ƙasansu kusa yake da ruwan rijiyoyin unguwa, babu kuma hanyar sa musu shimfiɗa bayan an cika su. Irin waɗannan rufe su ake yi da yumɓu, a kafa bututun fitar da gas, a daina zubawa.

Sabon rami ma yana mutuwa da wuri idan ba a tsare ƙofarsa ba. Na Kpone kusa da Tema a Ghana, wanda aka buɗe a 2013, ya cika tun kafin wa'adinsa saboda an karkato masa sharar Accra da ba a lissafa da ita ba, a 2019 kuma ya kama da wuta. Sannan idan filin ya yi nisan da ya wuce kilomita 20, dole a gina tashar juye kaya a cikin gari inda ƙananan motoci da masu kura za su sauke manyan motoci su ɗauka, in ba haka ba direbobi za su riƙa juyewa a bakin hanya.

Juji yana ba da wuta, amma kaɗan. Gas ɗin da ke fita daga ruɓaɓɓiyar shara kusan rabinsa metan ne, wanda ke fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 na iska. Ana haƙa rijiyoyi a tudun, a zuƙo gas ɗin zuwa injin. Durban a Afirka ta Kudu ta yi haka a Mariannhill, megawat 1, da Bisasar Road, megawat 6.5. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne tan miliyan 1 da aka binne yana ba da ƙasa da megawat 1, kuma sai tudun ya yi zurfin mita 10 ko fiye, an rufe shi ruf, yana da laima. Busasshen jujin Sahel da ya shekara yana cin wuta ba zai kai haka ba.

Janye shara kafin ta isa juji

A nan arewa ba daga sifili za a fara ba. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna sayen sharar birni a matsayin taki, da a mangalar jaki, yanzu a tifa. 'Yan jari bola kuma suna tsince ƙarfe da gorar roba da kwali tun daga ƙofar gida, su kai wa dillalai, robar ta ƙare a injinan niƙa na Sharaɗa da Bompai. Duk tsarin da ya kori waɗannan mutane don ya kawo injin tacewa daga waje, zai biya kuɗi a kan aikin da ake yi masa kyauta. Abin da suke buƙata rumfa ce mai daɓen siminti, safar hannu da takalma, sikeli na gaskiya, da injin matse roba don kuɗin mota ya ragu.

Takin da ake yi da tsari ya bambanta da na bola. Ana jera kayan a kunya mai tsayin mita 1.5 da faɗin mita 2 zuwa 3. Ɗanyen kaya irin ruɓaɓɓen tumatir da kabeji da ɓawon lemo ana haɗa shi da busasshe irin ɓuntun shinkafa, ƙaiƙayi ko yankakken kara, kamar kwando ɗaya na wannan da ɗaya na wancan. Laima ta tsaya tsakanin kashi 50 da 60: idan ka damƙi kayan a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi. Cikin kwana kaɗan zafin ciki zai kai digiri 55 zuwa 65, a riƙe shi haka mako biyu ana juyawa sau biyar, don ƙwayoyin cuta da irin ciyawa su mutu. Mako 8 zuwa 12 ya nuna, a tankaɗe. Tan 10 na kaya yana ba da tan 3 zuwa 4.

Abin da ke ɓata shi sananne ne. Da rani kunyar bushewa take yi ta daina aiki, sai an yi mata ban-ruwa, don haka wurin da babu burtsatse bai dace ba. Da damina kuma ruwa ke cika ta ta yi wari, sai da rufi ko tamfol. Mafi muni shi ne yin taki da sharar da ta riga ta cakuɗe: fasassun kwalabe, batura masu dalma, allurai, da dattin majemu mai ɗauke da sinadarin kuromiyam duk gona za su tafi. Saboda haka daga kasuwa ake farawa, irin 'Yankaba da 'Yan Lemo a Kano, inda kayan kusan iri ɗaya ne kuma shugabannin kasuwa za su iya tsawatarwa, kafin a je ga gidaje. A kuma tuna cewa wannan taki naitirojin ɗinsa kashi 1 zuwa 2 ne, yuriya tana da 46. Amfaninsa gyaran ƙasa ne da riƙe ruwa, kuma nauyinsa ba ya barin a kai shi nesa. Manomi kafin faɗuwar damina yake saye, don haka sai da wurin ajiya na watanni. Masana'antar taki ta Adjen Kotoku kusa da Accra tana aiki tun 2012, amma ba da cinikin taki kaɗai irin waɗannan wurare ke tsayawa ba, sai ana biyan su kuɗin karɓar shara.

Bayogas ɗan'uwan taki ne, sai dai a rufaffen tanki ake ruɓar da kayan. Ya dace da mayanka da kasuwar gwari. Tan ɗaya na ragowar abinci yana ba da kamar mita kubik 100 na gas, kashin shanu 30 zuwa 40, kowane mita kubik kuma yana ba da kusan kilowat-awa 2 na lantarki. Kasuwar da ke fitar da tan 20 na kaya mai kyau a rana za ta riƙe janareta mai kilowat 160, wanda ya isa ɗakin sanyi da fitilu da famfon ruwa. Tankin yana son zafin digiri 35 zuwa 37, abin da yanayinmu ke kusanta banda tsakiyar hunturu, kayan kuma su zauna kwana 20 zuwa 40. Yashi ne babban maƙiyinsa, yana kwantawa a ƙasa har tankin ya cike, don haka sai an yi ramin tace yashi a gaba. Na biyu shi ne ɗura masa lemo da tumatir da yawa lokaci guda: ya yi tsami, gas ya tsaya, a yi makonni ana lallaɓa shi da kashin shanu. Gas ɗin ma sai an bi da shi ta tukunyar tsatsar ƙarfe ta cire iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ba haka ba ta cinye injin.

Tanderun ƙona shara

Wannan ita ce hanyar da aka fi tallatawa, kuma inda ta dace tana aiki: tana rage girman shara da kusan kashi 90, ba ta cin fili. Shara na tafiya a kan matakalar ƙarfe mai motsi tana ci, hayaƙin ya tsaya a digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2 kamar yadda dokar Turai ta tanada, zafin ya dafa ruwa, tururi ya juya injin.

Sharaɗinta shi ne sharar ta ci da kanta. Jagorar Bankin Duniya ta ce matsakaicin ƙarfin zafinta kada ya gaza megajul 7 a kilo (megajul ma'aunin zafin da abu ke bayarwa ne idan ya ƙone), kuma kada ya sauka ƙasa da 6 a kowane lokaci na shekara. Ga misali: shara mai kashi 45 jiƙaƙƙen abinci da ganye, 25 yashi da toka, 12 leda da roba, 8 takarda, 10 tsumma da tarkace, za ta ba da wajen megajul 7. Da kyar ta haye. Bari 'yan bola su cire rabin robar da rabin kwalin, kamar yadda suke yi kullum, sai ta faɗo wajen 5 da rabi. Ruwan Agusta ya sauka a kanta a buɗaɗɗen kwandon shara, kowane kilo na ruwa kuma yana cin megajul 2.4 kafin ya ƙafe. Daga nan sai dai a riƙa hura wutar da dizal. Wato tanderu da mai tsintar roba abinci ɗaya suke nema, dole gari ya zaɓi wanda zai ciyar.

An ga wannan a aikace. A Timarpur da ke Delhi an buɗe tanderu a 1987 mai cin tan 300 a rana don ya ba da megawat 3.75, mako uku ya yi aka rufe shi, saboda sharar ba ta ci. Masana'antar Reppie da aka gina a gefen Koshe aka buɗe a watan Agustan 2018 an tsara ta ne a kan tan 1,400 a rana, an yi ta shelar megawat 50, daga baya maganar ta koma 25, ta kuma yi watanni a tsaye jim kaɗan bayan bikin buɗewa.

Ko da komai ya tafi daidai, wutar ba ta kai yadda ake zato. Tan ɗaya mai megajul 7, da injin da ke mayar da kashi 20 na zafi lantarki, yana ba da kamar kilowat-awa 390. Tan 300 a rana bai cika megawat 5 ba. Kuɗin gini kuwa, a ƙiyasin Bankin Duniya na 2018, dala 190 zuwa 400 ne a kan kowane tan na shekara a Sin, 600 zuwa 1,000 a Turai. Ga garinmu na misali, dala miliyan 21 zuwa 44 ke nan a farashi mafi sauƙi. Dokar lantarki ta Najeriya ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, wanda ya sauƙaƙa sayarwa, amma cinikin wuta ba ya riƙe irin wannan masana'anta ko a Turai. Kuɗin da ake biya a kan kowane tan a ƙofa ne ke riƙe ta. Hukumar da ke fama da kuɗin dizal na motocinta ta fara tambayar kanta daga ina wannan zai fito.

Toka ma tana nan. Kashi 20 zuwa 25 na nauyin yana fitowa tokar ƙasa, fiye da haka idan yashi ya yi yawa. Kashi 3 zuwa 5 kuma tokar hayaƙi ce mai guba, ɗauke da dalma da dayoksin, wadda sai an haɗa ta da siminti an binne a rami na musamman. Tace hayaƙin yana cin farar ƙasa da garin gawayi na musamman da buhunan tacewa kullum, yawanci da dala ake sayo su. Ranar da kuɗi ya yanke, wannan sashe ake fara kashewa, unguwar da ke ƙarƙashin iska ce za ta shaƙa.

Akwai hanya ta tsakiya: a ware ledar da ba ta sayuwa da tsumma, a busar zuwa laimar ƙasa da kashi 20, a daddatsa, a matse, a sayar wa kamfanin siminti ya ƙona a tanderunsa mai zafin digiri 1,450, tokar ta shige cikin simintin. Sai an cire bututun roba na famfo da irinsa saboda kulorin. Ga Sakkwato da ke da kamfani a Kalambaina, ko Gombe kusa da Ashaka, ko Ƙonni kusa da Malbaza, lissafin zai iya fita. Ga garin da ke nesa da ɗaruruwan kilomita, kuɗin mota zai cinye shi.

Wanne ga wa

Ƙaramar hukuma ko garin da bai kai tan 100 a rana ba, tanderu ba nasa ba ne ko kusa: shinge, katafila, rufe shara da ƙasa, filin taki a gefen kasuwa, rumfar 'yan bola. Babban birnin jiha mai tan 300 zuwa 1,000 ya ƙara da ramin zamani da ake ginawa sashe-sashe, kowane sashe na shekara 3 zuwa 5, da tashoshin juye kaya, da bayogas a mayanka. Tanderu sai birnin da fili ya ƙare masa da gaske, awon damina da na rani duka suka haura megajul 7, kuma yana da kuɗin shara da jama'a ke biya a kai a kai.

Wanda ya kai wannan matsayi ya karanta kwangilar da kyau a wuri huɗu. Yawancinsu suna ɗaure gwamnati ta kawo tan kaza kullum ko ta biya tara, shekara 20 zuwa 25. Adadin ya zama ƙasa da abin da sikeli ya nuna, kuma bayan an cire kason taki da na 'yan bola. A rubuta da wane kuɗi za a biya, naira ko dala, da wanda zai ɗauki faɗuwar canji. A rubuta wanda ke da alhakin tokar hayaƙi da inda za a binne ta. Kuma kada a karɓi masana'antar, kada a saki kason ƙarshe na kuɗi, sai ta yi damina guda cur tana cin sharar garin ba tare da dizal ba, ana auna hayaƙinta a gaban jami'an NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, da na ma'aikatar muhalli ta jiha.